Masarar Birnin Gwari da masu jarin waje

Malam Edita,

Tun Satumban 2017, da kamfanin Olam na ƙasar Singafo ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Chikun, manoman Birnin Gwari suka sa rai masararsu da waken suya sun sami kasuwa a kusa.

Sai 'yan bindigar dajin Kamuku suka hana. Shekara da shekaru manomi na biyan 'yan bindiga kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, direba kuma na bin hanyar Kaduna da addu'a a baki.

Da sulhun da aka yi da 'yan bindigar a Nuwamban 2024, wanda Gwamna Uba Sani ya jagoranta, kasuwar shanu ta sake ci, gonakin da suka zama saura aka koma sassabe su. Yanzu ne masu jari za su waiwayo, nan kuma fargabar mai wannan wasiƙa take. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, alhali yawancin gonakin gado ba su da takarda, sai shaidar mai unguwa da itacen ɗorawa a kan iyaka. Gara gwamnati ta fara yi wa waɗannan gonaki rajista kafin ta yanka wa wani kamfani ko eka ɗaya.

Wassalam,
Wani mai karatu, Birnin Gwari