Kafin Ku Cike Wa Yaro Fom, Ku Dubi Abin Da Allah Ya Sawwaƙe Masa

Duk shekara idan hukumar JAMB ta fara sayar da fom, gidaje da yawa sukan shiga wata muhawara da ba a cika yin ta a fili ba. Uba ya riga ya yanke cewa ɗansa likita zai zama, uwa ta mara masa baya, ɗan kuwa ya sunkuyar da kai saboda kunya da biyayya, alhali tun da ya shiga babbar sakandare bai taɓa jin daɗin darasin Kemistiri ba. A cike fom, sakamako ya fito, maki bai kai ba. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa ma haka. Daga ƙarshe jami'a ta ba shi wani kwas da bai nema ba, ya karɓa don ya huta da zaman gida, ya shafe shekara huɗu yana karatun da ransa ba ya ciki. Asarar shekaru ce da dukiya, kuma da an kauce wa mafi yawanta in da an tsaya an lura da abin da yaron yake so da abin da ƙwaƙwalwarsa da hannunsa suka fi karɓa.

Wasu iyaye suna ɗaukar maganar duba sha'awar yaro a matsayin tarbiyyar Turawa, wadda za ta koya wa 'ya'ya fitsara. Malamanmu sun yi wannan magana tun ƙarnoni da suka wuce. Imam Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya tattauna ta a cikin Almuwafaƙat a wurin da yake bayanin farilla ta kifaya. Abin da ya nuna shi ne Allah Ya dasa wa kowane mutum wata karkata tun a halitta, aikin masu tarbiyya kuwa shi ne su koyar da yaro tushen addini da ladabi, sannan su sa ido. Wanda aka ga yana da kaifin fahimta da hadda a bi da shi hanyar ilmi, wanda aka ga yana da ƙarfin zuciya da iya tafiyar da jama'a a bi da shi hanyar shugabanci, ta haka kowace farilla ta kifaya za ta sami mutanenta. Ibnul Ƙayyim ma ya yi irin wannan gargaɗi a Tuhfatul Maudud, inda ya nuna cewa in aka tilasta wa yaro abin da ba a shirya shi dominsa ba, ba zai ci nasara a ciki ba, kuma abin da ya dace da shi ya kuɓuce masa.

Asalin wannan fahimta yana cikin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarbiyyantar da sahabbansa. Zaidu bin Sabit yaro ne da aka mayar da shi gida lokacin fita Badar saboda ƙarancin shekaru. Da aka ga kaifin haddarsa sai aka sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya iya shi cikin kusan rabin wata, ya zama marubucin wahayi, daga baya Sayyidina Abubakar ya ɗora masa nauyin tattara Alƙur'ani. Khalid bin Walid an ba shi runduna, Bilal kiran salla, Hassan bin Sabit kare Musulunci da waƙa. Abu Zarri kuwa, duk da gaskiyarsa da zuhudunsa, da ya nemi a ba shi muƙami sai aka sanar da shi cewa yana da rauni a wannan fage, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan, kuma darasi ne ga uban da yake jin an wulaƙanta gidansa idan malamin makaranta ya ce ɗansa ba zai iya ajin kimiyya ba.

Amma kada ɗalibai su ɗauka duk abin da ya burge su shi ne sha'awar da ake nufi. Yaron da yake son zama matuƙin jirgin sama saboda ya ga kayan sarki da albashi, da yarinyar da take son aikin jarida saboda ta ga ana nuna fuskar mutum a talabijin, burgewa ce ta kama su. Sha'awar da za a gina rayuwa a kanta ana gane ta ne da jure wahalarta. Wane darasi ne kake buɗe littafinsa ba tare da an ce akwai jarrabawa ba? Wane aiki ne kake yi har lokaci ya wuce ba ka sani ba, in ya lalace kuma ka sake shi ba tare da ƙosawa ba? Mai son likitanci ya je ya zauna da wani likita ko ma'aikaciyar jinya, ya ji labarin kwanan asibiti da jini da warin ciwo da shekara shida na karatu kafin horon aiki. In ya ji duk wannan zuciyarsa ba ta ja da baya ba, to a taimake shi.

Bayan haka sai ma'aunin shari'a, domin sha'awa ba ta halatta haram. Mai ƙaunar lissafin kuɗi yana da ƙofa a buɗe, tun da bankin da ba ya mu'amala da riba ya kafu a ƙasar nan, Ja'iz ya fara aiki a 2012, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Sai kuma bukatar al'umma. Imam Gazali ya koka a cikin Ihya'u cewa garuruwa sun cika da masu neman fiƙihu alhali ba su da likita Musulmi. Mu a yau kukanmu ya sha bamban kaɗan: kowa likita ko lauya yake so, amma matanmu suna neman mace ungozoma a asibitin karkara su rasa, makarantunmu ba su da isassun malaman lissafi, makiyaya suna bukatar likitan dabbobi, rijiyoyin burtsatse da fitilun hasken rana suna lalacewa babu mai gyara. Idan sha'awar yaro ta faɗa kan ɗaya daga cikin waɗannan, uban da ya hana shi don kawai sunan kwas ɗin ba ya da daɗin faɗa a majalisa ya tauye ɗansa, ya kuma tauye garinsa. Haka nan ƙyamar da ake yi wa kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilmi da makarantar koyon aikin jinya ba ta da tushe a addini. Annabi Dawuda maƙerin sulke ne, Annabi Zakariyya kafinta.

Akwai wani laifi da ya shafe mu masu wa'azi kai tsaye. An mayar da sashen Larabci da Nazarin Addinin Musulunci wurin jefa wanda ya rasa gurbi a ko'ina, yaro mai hazaƙa kuwa in ya ce nan yake so sai a ce zai ɓata basirarsa. To wa zai yi mana fatawa nan da shekara ashirin? Imam Zahabi ya faɗa da kansa cewa abin da ya sa masa son Hadisi kalma ɗaya ce daga malaminsa Birzali, wanda ya dubi rubutunsa ya kamanta shi da na malaman Hadisi. Malamin Islamiyya da malamin boko duk suna da irin wannan dama a gabansu kullum, su ne suke ganin baiwar yaro tun kafin iyayensa su gani.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne ba a ranar cike fom ake zaɓen kwas ba. An zaɓe shi tun shekara uku kafin nan, ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare aka raba su ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne, jimillar maki 400. Mai neman likitanci sai ya haɗa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai neman aikin lauya kuma ana neman adabin Turanci a cikin darussansa. Ga kuma sharaɗin kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu. Wanda bai ɗauki darasin da ake bukata ba tun aji ɗaya na babbar sakandare, ko ya ci maki mai yawa ƙofa a rufe take. Don haka zaman shawara da yaro da malamansa ya kamata a yi shi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, a kuma karanta kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai da JAMB take fitarwa kafin a biya ko sisi.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, saɓanin ra'ayi da mahaifi kan kwas ba hujja ba ce ta ɗaga murya ko fushi. Uban da ya nace kan likitanci yawanci tsoron talauci yake ji muku, kuma tsoronsa yana da dalili a ƙasar da masu digiri suke yawo da takardu. Ku zo masa da amsa: ga sakamakona a wannan darasi, ga inda masu wannan karatu suke aiki, ga sana'ar da zan haɗa da shi. In nauyin baki ya hana, a nemi baffa ko kawu ko malamin da yake jin maganarsa. Bayan an gama shawara sai a yi istihara, raka'a biyu na nafila da addu'ar da ta zo a hadisin Jabir cikin Bukhari. Mai bukatar ne yake yin ta da kansa, ba sharaɗi ba ne sai ya yi mafarki, kuma ba a biyan wani kuɗi don ya yi wa mutum ita.