Ɗan Cikinki Ba Ya Iya Tofar da Goro

Ranar wani suna a Gangaren Tudu, nan garin Keffi, bayan an shafa fatiha an raba goro a zaure, na shiga cikin gida gaida Inna. Na iske matar yayana zaune kan tabarma da cikinta wata bakwai, baki ja wur da goro, ga kwalbar baƙin lemo a gefenta, ga kofin shayin da ta gama da shi kife a kan faranti. Na ce, "Inna, ita ma goron take ci da wannan ciki?" Inna ta harare ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka cika fi'ili. Da goro na yi goyon cikinka, ga ka nan ƙato. Bar yarinya ta tsayar da yawu." Mata suka kwashe da dariya, ni kuma na sunkuyar da kai na fita.

Shirun da na yi ran nan laifi ne, kuma yau zan biya shi. Gaskiya ɗaci gare ta kamar sabon goro, amma ga ta: muna ɗirka wa 'ya'yanmu magani tun suna ciki, ba awo ba lissafi, muna kiran abin al'ada, ko kwaɗayin ciki, ko tausayi.

Sunan maganin kafeyin. Shi ne sinadarin da ke kore barci, ya sa zuciya ta ƙara gudu, ya sa direban da ya taso daga Legas ya iso Keffi ido biyu. Da zarar an ambace shi sai mu kaɗa kai mu ce ai wannan maganar masu shan kofi ce, ta Turawa da 'yan boko. Yaudarar kai ke nan. Tun kafin kakanninmu su san kofi, fataken Hausa suke keta daji zuwa Gwanja, su ɗoro huhunan goro a kan jakuna daga kasuwar Salaga. Yau motoci ne ke kwaso shi daga su Shagamu. Lemon Coca-Cola da aka fara haɗawa a Amurka a 1886, daga goron nan namu ya samo rabin sunansa. Kafeyin ɗan gida ne a wurinmu. Yana cikin goro, yana cikin ganyen shayi, yana cikin shayin Buzaye mai kauri da samari ke kwana dafawa, yana cikin baƙin lemon kwalba da abubuwan shan nan masu ƙara kuzari, har da wasu ƙwayoyin ciwon kai da ake saya a kemis.

Ga abin da Inna ba ta sani ba, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata. Lafiyayyen baligi in ya ci goro, hantarsa kan narkar da rabin kafeyin ɗin cikin kimanin awa 5. Mace mai juna biyu, aikin nan na hanta yakan ja baya, har a watannin ƙarshe sai ya ɗauki awa 10 zuwa 15, wani lokacin fiye. Goron hantsi bai fita daga jininta ba, ta ɗora na la'asar a kai. Sannan kafeyin ba ya tsayawa a jikin uwa. Yana ratsa mabiyiya kai tsaye ya bi cibiya ya shiga jinin ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta narkar da shi ba. Ko jaririn da aka riga aka haifa sai ya yi kwanaki kafin jikinsa ya rage rabin abin. Ke in goro ya ishe ki sai ki tofar da tukar, ki kurkure baki. Shi ina zai tofar?

Masana sun daɗe da sa iyaka. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojinta na awon ciki, ta ce duk mai cikin da ke wuce miligiram 300 na kafeyin a rana ta rage, don gudun ɓari da haihuwar jariri maras nauyi. Ingila ta sauke tata iyakar zuwa miligiram 200 tun 2008, ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ita ma ta tsaya a kan 200 a 2010. Abin da ya sa Ingila ta sauke kuwa, wani bincike ne da aka yi a kan mata fiye da 2,600 a biranen Lids da Lesta, wanda ya nuna cewa yawan kafeyin na tafiya tare da tsumburewar ɗan tayi a ciki. Kuma mafi yawan kafeyin ɗin matan nan daga shayi ya fito. Mai cewa "ni ba na shan kofi" sai ta sake tunani.

To, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Babban kofin shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 75. Gwangwanin baƙin lemo, kimanin 40. Ƙaramin gwangwanin Red Bull, 80. Ƙwayar Panadol Extra ɗaya, 65, kuma bibbiyu ake sha. Yanzu ɗauki yinin mace ɗaya a unguwarmu. Da safe maigida ya aiko yaro da shayi da burodi daga teburin mai shayi: 75. Da rana zafin Keffi ya taso, aka sayo mata lemo mai sanyi: 40. Kai ya sara, ta haɗiye ƙwaya biyu: 130. Da dare aka sake dafa shayi: 75. Nawa ke nan? 320. Ta haye iyakar Ingila, ta haye ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba mu ma sa goro a lissafi ba tukuna, alhali marsa guda na iya kamo kofin kofi ko ya wuce shi. Wannan mata in ka tambaye ta, za ta rantse maka ba ta sha komai ba yau, kuma a iya saninta gaskiya ta faɗa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ban ce duk wadda ta ɓantari goro za ta yi ɓari ba, ban ce kofin shayi ɗaya guba ne ba. Abin da bincike ya nuna shi ne haɗarin na ƙaruwa gwargwadon yawan abin da aka sha. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo biyu da rabi kuwa, kowace unguwarzoma ta san wahalarsa: sanyi ya fi kama shi, tsotson nono ya fi ba shi wuya, cuta ta fi saurin kayar da shi. Akwai kuma wata ɓarnar ta ɓoye. Shayi na hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Mace ta je awo an ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta dawo gida ta kora ta da shayi mai kauri, ta rushe da hagu abin da ta gina da dama. Ranar haihuwa a ce jininta ya yi ƙasa, a shiga neman wanda zai ba da ledar jini.

Wani abin lura: a ɗakin bakwaini na asibiti, likitoci kan ba jaririn da numfashinsa ke ɗaukewa kafeyin da gangan. Amma sai sun ɗora shi a sikeli, sun auna maganin daidai da nauyinsa, suna tsaye a kansa. Abin da likita ke aunawa da digo, shi muke bayarwa da ƙwarya.

Yanzu bari in bi mu ɗaya bayan ɗaya, in fara da mu maza.

Maigida, kai ne na farko. Ka san litar man da babur ɗinka ke sha daga nan zuwa Masaka. Ka san buhun taki nawa gonarka ke ci, kuma ka san in ya yi yawa ƙona shuka yake yi. Amma ba ka taɓa tambayar abin da ke shiga cikin matarka ba. Ka dawo daga ɗaurin aure ka juye mata goron aljihunka, ka sayo mata abin sha mai ƙara kuzari wai don ta ji ƙarfin jiki, kana ganin ka yi bajinta. Mace mai ciki da ke fama da kasala, abinci take bukata da hutu da wanda zai ɗauke mata tulu da turmi. Ka bar ta da aikin gida kaf, sannan ka sayo mata abin da zai hana ta jin gajiyar. Wannan ai yadda ake yi wa jakin haya ne. Kuɗin gwangwanin nan da ka sayi ƙwai ko wake ko kankana da shi, da ya fi mata amfani. Kuma sau nawa ka raka ta awo? Kunya ta hana ka zama a layin mata, amma ba ta hana ka sayen ragon suna tun ciki na wata shida ba.

Inna, ke da sauran iyayenmu mata, a gafarce ni, ba raini ba ne. Kun ce da goro kuka haife mu, ga mu nan. Haka ne, ga mu nan. Amma waɗanda ba sa nan fa? Kowace tsohuwa a garin nan in ta ƙirga miki haihuwarta, sai ta ce goma, shida a raye, ban da ɓari biyu. Ban ɗora wa goro wannan duka ba, dalilan suna da yawa, kuma rai da ajali na Allah ne. Sai dai rayayyu kaɗai ke zuwa ba da shaida. Ban da haka, zamaninku goro ne kawai, shi ma mai tsada, ana ɓantara ana ajiye saura. Ba ku haɗa shi da lemon kwalba da Nescafé da ƙwayoyin kemis a yini guda ba. Ku ne kuke hana mai ciki fita da tsakar rana, kuke hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, kuke tsare ta da wankan jego kwana arba'in. Kun san ciki abin tattali ne, kuma maganarku ta fi ta likita shiga kunnen surukarku. Ku ƙara wannan a cikin dokokinku.

Mai kemis, kai ma ka ji tsoron Allah. Mace ta tsaya a gabanka ciki ya fito fili, ta ce kanta ke ciwo, ka miƙa mata duk abin da hannunka ya kai gare shi don kada ciniki ya wuce ka. Ka fi kowa sanin kalmar "Extra" a jikin kwali ƙarin me take nufi. Ka san garin Alabukun kafeyin ne haɗe da asfirin mai yawa, wanda bai dace da mai tsohon ciki ba. In yaro aka aiko, tambayar "wa zai sha?" ba ta cin ko sisi. Ciwon kai mai tsanani a watannin ƙarshe kuma yana iya zama alamar hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga. Irin wannan asibiti ake tura ta a gwada jininta, ba a rufe ciwon da ƙwaya.

Ma'aikatan awo, ku ma da naku. In kuka tambayi Bahaushiya ko tana shan kofi, za ta ce a'a, ku rubuta a'a, a wuce wurin. Ku tambaye ta goro nawa take ci a yini, shayi kofi nawa, wace ƙwaya take sha in kai ya sara. Ku yi mata tambayar da harshenta, a kan abin da ke cikin ɗakinta.

Ke kuma mai ciki, 'yar'uwa, na bar ki a ƙarshe don na san laulayi ba wasa ba ne. Na san yawun da ke cika baki, da tashin zuciya, da yadda ɗacin goro ke ɗan lafar da su. Amma amana ce kike ɗauke da ita. Addini ya sauƙaƙa miki har azumin Ramadan, farilla guda, in kina jin tsoron cutuwar abin da ke cikinki. In aka yi rangwame a farilla saboda yaron nan, goro ne zai gagare ki ragewa?

Ba a ce ki yanke rana ɗaya ba, don wanda ya saba in ya daina farat ɗaya sai ciwon kai ya kama shi na 'yan kwanaki. Rage a hankali. Mai cin goro biyu ta koma ɗaya, ta koma ɓari guda, har ta bari. Shayi ya tsaya a kofi ɗaya maras kauri, kuma a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini. Abin sha mai ƙara kuzari a yi sallama da shi har a haihu a yaye. Tashin zuciya a gwada masa 'yar citta, da cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ga koko, ga kunun gyaɗa, ga ruwa mai tsabta. Ƙwaya kuwa, kowace iri, sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Cikin takwas ɗin nan ba za a rasa lokacin yin wannan tambaya ba.

Muna zaune a garin da ke da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da jami'ar jiha, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba zuwa Abuja. Da muna iya fakewa da rashin sani, yanzu kuwa wanda ya karanta wannan ya sani. Goro na da muhallinsa a wurinmu: da shi ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗa suna. A bar shi a zaure wurin baƙi. Maigida, yau in ka koma gida ka zauna da iyalinka ku ƙirga abin da ta ci ta sha tun safe. In kafeyin ɗin ya haura miligiram 200, gobe a rage. Yaron nan zai ci nasa goron in ya girma, kada a fara ba shi tun bai ga duniya ba.