Kodak Ya Hango Gobe, Fuji Ya Yi Mata Tanadi

Duk wanda ya girma kafin zuwan wayar hannu zai tuna shagon mai hoto ranar Sallah. A yi layi da sabon ɗinki, mai hoto ya ce kowa ya tsaya cak, sannan a jira kwana biyu ko uku kafin a wanke. A kan kantarsa akwai kwalayen fim, rawaya na Kodak, kore na Fuji. Labarin kamfanonin nan biyu ya daɗe yana min yawo a rai, musamman idan na ji ana cewa rashin hangen nesa ne ke kashe manyan kamfanoni.

Kodak ya hango. A 1975 wani injiniyansa, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset. Manyan kamfanin sun gan ta da idonsu. Amma kowane hoto da aka ɗauka a lokacin yana kawo musu kuɗi ta hanya uku: fim, takarda, da sinadarin wanki. Sabuwar kyamarar za ta toshe duka ukun. Wa zai yanka saniyar da yake tatsa kowace safiya? Daga baya sun shiga kasuwar dijital, har sun yi ciniki sosai, sai dai ribar ba ta kama ƙafar ta fim ba. A watan Janairun 2012 Kodak ya garzaya kotu a New York yana neman kariya daga masu bin sa bashi.

Fuji shi ma ya ga guguwar nan. Shigetaka Komori, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a farkon shekarun 2000, ya sa masanansa su zauna su lissafa abin da suka ƙware a kai, a ajiye maganar fim gefe. Nan aka gano abin da ya burge ni. Fim da sinadarin kolajin ake yinsa, wanda kuma shi ne ginshiƙin fatar mutum. Dabarar hana hoto dusashewa tana da amfani wajen kare fata daga illar rana. A 2007 suka fito da man shafawa mai suna Astalift, a 2008 suka sayi kamfanin magunguna na Toyama, suka kuma zuba jari a siraran ledojin da ake sa wa allon talabijin da kwamfuta.

Abin bai zo da sauƙi ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. A 2006 kamfanin ya rage guraben aiki kusan 5,000 a ɓangaren fim, magidanta da dama suka rasa abin dogaro. Ni dai ina ganin Komori ya yi daidai da ya sha maganin mai ɗaci tun kamfanin na da kuɗi a hannu, tun ana iya biyan waɗanda aka sallama haƙƙinsu.

Yau idan aka ɗauki hoton ƙirjinka a asibiti, duba jikin na'urar. Ba mamaki ka ga sunan Fujifilm.