Hunturu, Tartsatsi da Gilashin Waya



Iskar da manomin tafarnuwa ke jira a fadamun Wurno da Goronyo, ita ce wadda ya kamata mai gyaran waya ya yi wa shiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga hamada, alkama da tafarnuwa su ji daɗin sanyi, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. A irin waɗannan ranaku, danshin iska a gabashin Sakkwato kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Ka yaye bargo cikin duhu ka ga tartsatsi, ka kama ƙofar mota ka ji kamar an tsikare ka da allura. Yara dariya suke yi wa abin, amma wutar lantarki ce ta gaske, wadda ke taruwa a jiki idan tufa ta gogi tufa ko takalmin roba ya gogi leda. Da damina laima ke janye ta a hankali. Da hunturu ba ta da hanyar fita, sai ta yi ta taruwa har ta sami abin da za ta faɗa wa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutum ba ya jin wannan tsikari sai ƙarfinsa ya kai wajen bolt 3,000. Ba ya kisa, domin wutar kaɗan ce kuma kafin ƙiftawar ido ta wuce. Amma a cikin waya akwai sassan da bolt 100 ma ya isa ya lalata su. Wato hannunka zai iya kashe sikirin ba tare da ka ji komai ba.

Sikirin ɗin LCD, irin wanda ke kan yawancin wayoyin hannun talaka, da injin POS, da talabijin ɗin gidan kallo, gilasai ne biyu sirara da wani ruwa na musamman a tsakaninsu. Wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, shi ya fara lura da irin wannan ruwa a 1888, kuma sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya allon da aka yi da shi. A jikin gilashin an shimfiɗa ƙananan makunnai da ido ba ya gani. Talabijin mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye na ɗauke da irinsu fiye da miliyan shida. A gefe kuma akwai ɗan siririn guntu da ke ba su umarni, da igiyar nan mai kama da leda da masu gyara ke kira fileks. Tartsatsi ɗaya a kan haƙoranta, sai ka ga zane a tsaye, ko fuska ta yi fari fat. Wani lokaci ma ba ya kashewa nan take. Rauni yake yi, waya ta yi mako biyu lafiya, sannan ta fara shirme.

Nan rigima ke tashi a rumfa. Mai waya ya zo daga Rabah ko wani ƙauye, ya biya kuɗin mota ya biya na gyara, ya dawo yana cewa, "Malam, jabu ka sa mini." Mai gyara ya rantse sabo ne fil, daga Farm Centre ta Kano aka kawo shi. Jabu na nan, ba mu musa ba. Amma a wasu lokutan duk su biyun gaskiya suke faɗa. Masana'antar da ta ƙera gilashin a ƙasar Sin tana tsare danshin ɗakinta wajen kashi 40 zuwa 60, ma'aikaci ba ya taɓa shi sai da maɗauri a wuyan hannu. Gilashin ya ƙetare teku lafiya, ya zo ya mutu a kan teburin da aka lulluɓe da leda a kasuwar Achida.

Abin takaicin, maganin ba shi da tsada. Maɗaurin nan na wuyan hannu ana samunsa inda ake sayar da kayan gyara, a haɗa shi da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, ana ɗan zuba wa gindinsa ruwa tunda ƙasar rani busasshiya ce. A sayi na ainihi, kada a ɗaura tsurar waya a hannu, domin na ainihin yana da abin da ke rage wuta idan tsautsayi ya sa aka taɓa ta NEPA. Wanda bai samu ba, ya saba da dafa ƙarfen rumfa kafin ya ɗauki sikirin, duk sanda ya tashi ya dawo. A cire leda da soson kwali daga kan tebur, katako tsirara ya fi su. Rigar auduga ta fi rigar ƙwallo. A bar sabon gilashi cikin jakarsa mai ruwan azurfa sai lokacin sawa, a riƙe shi ta gefe, yatsa kada ya kusanci haƙoran fileks. Ledar da ke manne a fuskarsa kuwa, a ɓare ta sannu a hankali, don fizgar ta da sauri ita kanta tana haifar da wuta.

Masu gidan kallo, ku ma da naku. Goge allo da busasshen tsumma ƙura yake ƙara jawo masa. A kashe, a zare daga soket, a goge da ƙyallen auduga mai ɗan danshi, kada a fesa ruwa ya gangara gindin gilashin.

Iyayen gida a sana'ar nan su ne za su koya wa yaransu, kuma hunturu ne lokacin. Idan aka bari har ruwan Yuni ya sauka, ƙorafi zai ragu da kansa, a ce ai kayan da aka kawo bana sun fi na bara kyau, sai kuma Nuwamba ta zagayo.