Intanet a gida: Me ya sa mai buƙatar wata guda ya fi kowa shan tsada?

A duk lokacin da jarrabawar JAMB ta ƙarato, ko aka tura sabon rukunin masu yi wa ƙasa hidima, ko manyan makarantu suka tafi dogon hutu, tambaya guda ce ke yawo a gidaje da dama: ta yaya za a samu intanet mai ƙarfi a gida na mako biyu, ko wata ɗaya, ko uku, ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba?

Masu wannan tambaya ba 'yan neman nishaɗi kaɗai ba ne. Akwai ɗalibar da za ta gwada hannunta a jarrabawar kwamfuta kafin ranar ta zo, tun da yake daga shekarar 2015 JAMB ta daina amfani da takarda da fensir. Akwai matashin da ke cike takardun neman aiki, da ɗan bautar ƙasa da ya kama ɗaki na 'yan watanni a garin da bai san kowa ba, da uwargidan da ke tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp gab da Sallah. Buƙatarsu ta ɗan lokaci ce, kuma abin takaici su ne kasuwar ta fi yi wa tsada.

A ƙasashen da suka riga mu, intanet ɗin gida ya shigo ne ta wayar tarho ta girke da aka riga aka ja zuwa kowane gida. Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Kafin zuwan wayar salula a shekarar 2001, layukan da kamfanin NITEL ke da su a faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Galibin gidajen Kano da Katsina da Sakkwato ba su taɓa ganin wayar girke ba, balle a ce sun rabu da ita. Daga nan aka yi tsalle zuwa salula, shi ya sa har yau intanet ɗin mafi yawan gidaje yana cikin aljihun mai gida ne. Idan ya fita kasuwa, ya fita da shi.

Zaɓin da ke gaban mai buƙata bai wuce huɗu ba. Na farko shi ne ya kunna hotsifot a wayarsa ya raba wa kwamfuta da sauran wayoyin gida. Wannan bai buƙatar sayen komai sai data, amma yana cinye caji, yana sa waya zafi, kuma yakan kashe batir da wuri. Na biyu shi ne ƙaramar na'urar nan ta MiFi mai batir a jikinta, wadda ake sa wa layi, mutane da yawa su hau a lokaci guda. Na uku ita ce rauta ta 4G ko 5G da ake jonawa da lantarki. Ta fi ƙarfin jan sabis, sai dai idan aka ɗauke wuta ta mutu, sai in an haɗa ta da batir ko sola. Ita ma fasahar 5G, wadda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, har yanzu ba ta wuce wasu unguwannin manyan birane ba.

Na huɗu su ne wayar faiba da kuma tauraron ɗan'adam. Faiba tana buƙatar kuɗin ja da kafawa, kuma ba ta iso yawancin unguwanni ba. Mai zaman haya na wata uku ba zai haƙa rami ya ja waya ba. Starlink kuwa, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuɗin na'urarsa kaɗai ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 sau da dama, ban da kuɗin wata-wata. Ga mai buƙatar ɗan lokaci ke nan, zance ya tsaya a kan hotsifot da MiFi da rauta, waɗanda dukansu datar kamfanonin waya suke sha.

A nan ne gizo ke saƙar. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka shi gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce an shafe fiye da shekara 10 ba a yi ƙari ba, ga tsadar man dizal da ake zuba wa injinan ƙarafunan sabis, ga faɗuwar darajar Naira, ga yawan tsinka musu wayoyi a wurin aikin hanya. Wannan jarida ba ta musanta waɗannan matsaloli ba. Abin da ba ta gamsu da shi ba shi ne yadda aka tsara farashin ta yadda nauyin ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi.

Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga haka. Mai sayen 'yar ƙaramar data ta Naira 100 ko 200 yana biyan kuɗin kowane gig ninkin-ba-ninkin abin da mai sayen babban tsari na wata ke biya. Tsare-tsaren kwana ɗaya ko biyu masu ɗan auki suna da sauƙi a ido, amma wa'adinsu kan ƙare kafin a cinye su. Gaskiya ne tun 2018 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa mayar wa mutum ragowar datarsa idan ya sabunta tsarinsa cikin wa'adi, sai dai wannan bai amfani wanda buƙatarsa ta ƙare ba. Shi ragowarsa ta tafi ke nan, kamar mutum ya sayi kwanon shinkafa, mai shago ya biyo shi gida bayan kwana 30 ya kwashe abin da bai dafa ba.

Haka zancen yake ga tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan marasa iyaka. Da yawansu suna da iyaka a ɓoye cikin ƙananan rubutu: da zarar an kai wani adadi sai a rage gudun intanet ɗin, har buɗe hoto ya zama aiki. Sannan yawancin MiFi da rautocin da kamfanoni ke sayarwa da rangwame a kulle suke, ba sa karɓar layin wani kamfani. Wanda ya saya ya je gida ya tarar sabis ɗin bai kai ɗakinsa ba, ya yi asara. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da magidanci zai iya yi wa kansa. Da farko kada ya sayi na'ura sai ya gwada. Ya karɓi aron wayar maƙwabci mai layin wani kamfani, ya duba ƙarfin sabis a cikin ɗakin da za a yi aikin, musamman tsakanin magariba da ƙarfe 10 na dare lokacin da kowa ke kan layi. Sabis ɗin da ke gudu a bakin titi ba lallai ya ratsa katanga da rufin kwano ba, shi ya sa ajiye na'ura kusa da taga kan kawo sauyi.

Na biyu, ya san abin da ke cin data. Rubutu da saƙon murya ba su da ci. Bidiyo ne ke lashe ta: awa guda ta bidiyo mai tsabtar hoto sosai na iya cin gig 1 zuwa 3. Rage tsabtar hoton, da hana WhatsApp sauke kowane bidiyo da kansa, da dakatar da manhajoji daga sabunta kansu, duk suna tsawaita kwanan data. Kwamfuta ma idan ta ga hotsifot takan ɗauka intanet ɗin banza ta samu, ta kama sauke manyan abubuwa a ɓoye, sai an shiga saitinta an nuna mata cewa datar a ƙidaye take. Manyan fayiloli kuma a bar su sai dare, lokacin da kamfanoni ke sayar da data da rahusa. Tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a duk layuka: *312# don sayen data, *323# don duba abin da ya rage.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan haya mai ɗakuna biyar da kowa ke sayen 'yar ƙaramar data kullum, idan suka haɗa kuɗi suka sayi rauta guda da babban tsarin wata, kowa zai ga sauƙi. Sai dai a yi hattara. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka duk abin da aka aikata da layin, mai sunan za a fara nema. A sa kalmar sirri mai ƙarfi, a san waɗanda aka ba. Kada a sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista, domin laifi ne. Kada kuma a haɗa asusun banki da layin da aka saya don aikin wata biyu, saboda layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani.

Duk da haka, dabarar magidanci ba za ta maye gurbin aikin hukuma ba. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa, a kan farashin da bai wuce Naira 390 kowane gig ba. Wa'adin ya cika ba a kai ga wancan adadi na jama'a ba, kuma mai sayen ƙaramar data har yau yana biyan abin da ya zarce wancan farashi.

Don haka wannan jarida na kira ga NCC da ta wajabta wa kamfanoni rubuta farashin kowane gig ɓaro-ɓaro a jikin kowane tsari, tare da adadin da idan an kai za a rage gudu, kuma a yi bayanin da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Ya kamata kowane kamfani ya samar da aƙalla tsari guda mai sauƙin kuɗi wanda datarsa ba ta mutuwa sai an cinye ta. Ya kamata a buɗe duk na'urar da aka sayar a kulle bayan wani ƙayyadajjen lokaci, a kuma ba mai saye 'yan kwanaki ya mayar da ita idan sabis bai kai gidansa ba.

Gwamnonin Arewa su ma suna da rawar takawa. An daɗe da cimma matsaya a kan Naira 145 a matsayin kuɗin haƙa kowace mita don shimfiɗa faiba, har Jihar Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya a 2020. Jihar da ke tsawwala wa masu shimfiɗa waya haraji, 'ya'yanta take jefawa cikin tsada. Aikin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000 da Gwamnatin Tarayya ta sanar bai kamata ya tsaya a Legas da Abuja ba. Wajibi ne ya isa makarantu da ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi, inda ɗalibin da ba shi da halin sayen MiFi zai je ya yi aikinsa.

Su kuma jama'a su daina haɗiye ƙorafi. Wanda aka zaftare wa data ko aka sabunta masa tsari ba da izininsa ba, ya fara kai kuka ga kamfaninsa ta lamba 300. Idan ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC kyauta a kan 622. Gwamnatin da ta mayar da jarrabawa da neman aiki da rajistar kusan komai zuwa intanet, haƙƙi ne a kanta ta tabbatar da cewa ɗan talakan da ke buƙatarsa na wata guda bai fi kowa biya ba.