Duwatsun Sukur Na Jiran Alƙalaminmu

A shekarar 1900 aka gano wani ɗaki a kogunan Mogao na ƙasar Sin, maƙare da dubban rubuce-rubuce cikin harsuna daban-daban. Waɗannan takardu sun taimaka wa masana wajen fahimtar gumakan Buda da zane-zanen da ke kogunan.

To, mu fa? Daga nan Lokuwa zuwa Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, ba wata doguwar tafiya ba ce. Tun 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, saboda fadar Hidi da gonakin kan dutse da wuraren narkar da tama. Sai dai yawancin bayaninsu yana bakin dattawa, cikin harshen Sakun.

'Yan'uwa ɗalibai, mu je mu naɗi muryoyinsu, mu rubuta, mu fassara zuwa Hausa tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.