Ra'ayinmu: Kiwon Murjani a Dakoro, Ko Ya Dace?

Iyayenmu mata sun san murjani tun kafin zuwan wayar hannu. Jan dutsen ado ne da fatake ke ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum, a rataya wa amarya a wuya, a adana a adudu sai ranar biki. Mai karatun Suratur Rahman ma ya san sunansa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, murjani dabba ce mai rai, kuma danginta ne muke gani yanzu a bidiyon TikTok da YouTube cikin akwatin gilashi, shuɗin haske na sauka a kansu, 'yan kifaye masu ruwan lemo na shawagi a tsakani. Duk wanda ya kalla sai ransa ya biya. Shi ya sa muka ɗauko tambayar a wannan makon: ko ya dace mai hali a Dakoro ya kafa wa kansa wannan ƙaramin teku a ɗaki?

Masu cewa ya dace suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Kiwon sha'awa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba a tambayar mai doki ribar da ya ci a harawar da ya zuba, haka ma mai tattabaru. Ga kuma ilimi. Yaron da aka haifa a Kornaka ko Birnin Lalle yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, domin gaɓar Kwatano ko ta Legas tana da nisan sama da kilomita 900 a miƙe. Alhali ƙasar nan ta taɓa kwana ƙarƙashin ruwan gishiri: dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza ragowar halittun tekun da ya rufe Adar ne sama da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Ɗalibin da ya ga murjani da idonsa zai fahimci wannan darasi fiye da wanda aka zana wa a allo. Sun kuma ce sola ta sauƙaƙa batun wuta, kuma akwai gaskiya a ciki.

To, amma a dubi abin da akwatin yake nema. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wato akwati mai cin lita 200 zai sha kilo 7 a cikon farko kaɗai. Kantun Bilma ba zai yi ba, gishirin miya ma ba zai yi ba. Sai haɗi na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su. Ruwan da za a dama shi kuma sai an tace da na'urar da ke ware lita uku zuwa huɗu gefe kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. Bayan an cika, a jira mako huɗu zuwa shida kafin a saka kifi, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye gubar kashinsa su zauna a jikin duwatsu. Daga nan duk mako ɗaya ko biyu a kwashe wajen kashi goma cikin ɗari na ruwan a zuba sabo. Kullum kuma a ƙara ruwan daɗi, domin iska na shanye ruwa ta bar gishiri, kuma mun san yadda iskar hunturu ke busar da randa.

Zafi ya fi komai wuya. Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ciyar da shi daga haske. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na tsawon makonni, sai ya fitar da su, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. A Dakoro bazara na wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, daren Janairu kuma sai an ɗumama ruwan. Ke nan na'urar sanyaya ruwa, da ta ɗumamawa, da famfunan motsa ruwa, ba mai hutu a cikinsu idan lokacin aikinta ya zo. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Firji idan wuta ta ɗauke, nama ne ke lalacewa. A wannan akwati, 'yan awoyi ba motsin ruwa sun isa su shaƙe duk abin da ke ciki.

Su kuma halittun, daga nesa suke. Yawancin kifin teku na ado kamo shi ake yi daga Indunusiya da Filifin, wani lokaci da gubar da ke sumar da kifi ta kuma kashe murjanin da ya ɓuya a ciki. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda Nijar ta shiga tun 1975, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Wanda ya jure jirgi har Yamai, sauran tafiyar mota ta yini zuwa Maraɗi, sannan kilomita sama da 100 zuwa arewa, cikin leda, cikin rana. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Wanda ya tsare mai rai ya ɗauki nauyinsa, ko da kifi ne mai tsawon yatsa.

Hukuncinmu shi ne bai dace ba. Ba mu ce haramun ne ba, ba kuma neman a kafa doka muke yi ba; dukiyar mutum tasa ce. Amma a ƙasar da sai an sa raƙumi ko takarkari ya ja guga daga rijiya, ruwan gida aiki biyu yake yi: a yi alwala da shi, ya gangara gindin bishiya. Ruwan da aka kwashe daga akwatin murjani ba ya shayar da dabba, kuma idan an zuba shi a gindin zogale kashe shi zai yi.

Sha'awar kanta ba ma so ta mutu, domin mai iya auna ruwa da haƙurin jiran mako shida, shi ne mutumin da kiwon kifi ke nema a jahar Maraɗi. Ya fara da kifin ruwan daɗi. Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye, tana son ruwa mai ɗumi, kuma da abinci mai kyau tana isa kasuwa cikin wata biyar zuwa shida. Ruwan da aka sauya mata taki ne ga lambu. Ita ma ba kyauta ba ce: abincinta na da tsada, samun 'ya'yan kifi masu inganci na da wuya, kuma wanda ya cika tanki da yawa zai wayi gari ya tarar da asara. Amma kuskure ne da ake gyarawa da abin da ke kusa, a kuma tambayi masuntan tafkin Madarumfa ko na Tabalak.

Ga makarantu kuwa, muna roƙon magadan gari da ma'aikatan gandun daji su taimaka a sa akwatin gilashi ko guda ɗaya a sakandaren Dakoro, da ƙarfasa da gaiwa a ciki. Gaiwa tana da huhu. Idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har ruwan farko ya sauka. Ƙaramin famfon iska da faifan sola ɗaya sun ishi wannan akwati, kuma ɗalibai za su iya karɓa-karɓar kula da shi har lokacin hutun damina.